A Ba Baƙon Tsintsiya

Ranar tarbar ɗalibai baƙi a manyan makarantun sakandare na Japan kusan kala ɗaya ce, ko a Hokkaido ko a Kyushu. Bas ta tsaya a bakin ƙofa, a cire takalma a sanya silifan cikin gini, a wuce zauren taro. Shugaban makaranta ya yi jawabi, wani ɗalibi ya karanta maraba da Turancin da ya kwana yana bita. Sai a raba baƙi rukuni-rukuni: waɗansu a ba su buroshi da tawada su kwaikwayi harafi, waɗansu a zaunar da su a tabarmar tatami su kurɓi koren shayi mai ɗaci, waɗansu a koya musu ninke takarda ta zama tsuntsu. Baƙin ma su yi rawar ƙasarsu. A ɗauki hoto, a yi musayar adireshin Instagram, kafin la'asar bas ta tafi.

Ba abin rainawa ba ne. Tun 1987 gwamnatin Japan ke ɗauko dubban matasa daga waje ƙarƙashin shirin JET domin su taimaka wa malaman Turanci, amma malami malami ne. Ɗan shekara goma sha shida a wani garin karkara, ranar da ya fara zama da tsararsa daga Indonesiya ko Ostareliya, ita ce ranar da Turanci ya tashi daga abin cin jarrabawa ya koma abin tambayar mutum me yake so ya ci. Wannan kaɗai ya biya wahalar shiri.

Sai dai abin da ake nuna wa baƙon kayan ado ne, irin wanda ake fitarwa daga akwati ranar biki. Yawancin ɗaliban da ke miƙa masa kofin shayin ba su saba da wannan tsari ba, in ban da 'yan ƙungiyar shayi ta makarantar. Al'adar da suke rayuwa a cikinta kullum tana wani wuri dabam, tana cikin minti goma sha biyar ɗin da ake warewa domin shara, lokacin da ɗalibai da kansu suke tura tebura gefe, su share aji, su goge allo da baranda, a makarantu da yawa har da banɗaki. Tana cikin ƙunshin abincin da kowa ya zo da shi daga gida, da atisayen ƙungiyoyin wasa da ke kai wa magariba, inda ɗan aji ɗaya ke kwashe ƙwallaye yana yi wa ɗan aji uku magana da kalmomin girmamawa. A nan ake gina halin da duniya ke mamaki idan ta ga 'yan kallon Japan suna tsince shara a filin wasa bayan an tashi.

Masar ta gane haka. Bayan ziyarar Shugaba Abdel Fattah al-Sisi a Tokyo a 2016, ƙasar ta fara buɗe makarantu a kan tsarin Japan daga 2018, kuma abin da ta ɗauko shi ne sharar aji, da taron ɗalibai don warware matsalarsu, da karɓa-karɓar shugabancin aji. Ba ta ɗauko shayi ba.

To me ya hana a miƙa wa baƙo tsintsiya? Karamci ne ya hana, kuma Bahaushe ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Wanda ya tashi da jin cewa baƙonka annabinka ya san kunyar da ke cikin barin baƙo ya ɗauki tulu. Japanawa na kiran nasu karamcin omotenashi, kuma harshensu ya raba duniya gida biyu, uchi da soto, wato ciki da waje, har yadda ake sarrafa aikatau ya danganta da ɓangaren da mai sauraro yake. Wanda ake yi wa irin wannan hidima, an riga an gaya masa a fakaice cewa na waje ne. Mu ma ai mukan ce baƙo raɓa ne, kuma daɗin raɓa shi ne rana na fitowa take tafiya. A gidajenmu, ranar da uwar gida ta aiki baƙo ya sayo mata gishiri, ranar ce ya zama ɗan gida.

Shirye-shiryen gwamnatin Japan sun kasu a kan wannan layin. JENESYS, wanda aka fara a 2007, da Sakura Science, wanda aka fara a 2014, ziyara ce ta kimanin mako guda zuwa kwana goma, ranar makaranta kuwa tsayawa ɗaya ce a cikin doguwar tafiya. Asia Kakehashi, da aka ƙaddamar a 2018 da nufin kawo ɗaliban sakandare 1,000 daga ƙasashen Asiya cikin shekara biyar, ya zaunar da yara watanni a gidajen iyalai ko ɗakunan kwanan makaranta. Wanda ya yi watanni dole ya sa yunifom, sunansa ya shiga jadawalin shara, a yi masa faɗa idan ya makara. Kuɗinsa ya fi yawa a kan kowane kai, hotunansa ba su kai na ranar shayi kyau ba, amma da ni aka ba kasafin, can zan karkata shi.

Maganar ta wuce ta nishaɗin yara, domin Japan na raguwa. A 2024 jariran da Japanawa suka haifa ba su kai 700,000 ba, karo na farko tun da aka fara ajiye ƙididdiga, kuma ana rufe ɗaruruwan makarantun gwamnati kowace shekara saboda rashin ɗalibai. Baƙi mazauna ƙasar kuwa sun haura miliyan uku tun ƙarshen 2022. Ɗalibin da ke koya wa baƙo ninke takarda yau, gobe da mutanen Biyetnam da Nefal da Filifin zai yi aiki a asibiti ko masana'anta, kuma su ba bas ke jiransu a waje ba.

Wasunsu ma suna cikin ajin tun tuni. Gyaran dokar shige da fice na 1990 ya kawo 'yan Birazil masu tsatson Japan garuruwan masana'antu irin su Hamamatsu da Oizumi, yanzu jikokinsu ne a makaranta. Dokar karatun dole ba ta hau kan ɗan baƙo, kuma binciken ma'aikatar ilimi na 2019 ya gano cewa kusan yara 20,000 'yan ƙasashen waje mai yiwuwa ba sa zuwa makaranta sam. Wanda ya samu ya tsallake jarrabawar shiga babbar sakandare da harshen da ba na gidansu ba, sai ya tarar da dokokin kamanni. A 2017 wata ɗaliba a Osaka ta kai ƙara kotu, ta ce an tilasta mata rina gashinta baƙi alhali launinsa na halitta ruwan ƙasa ne. A 2021 kotu ta ba ta diyyar yen 330,000 saboda cire sunanta da aka yi daga rajistar aji, amma ta bar dokar gashin a tsaye. Sai a 2022 makarantun gwamnatin Tokyo suka soke tasu. Tsarin da ke tafa wa baƙon yini ɗaya saboda ya bambanta, shi ne ke bin ɗan gida da rini.

'Yan Najeriya sun ɗanɗana iyakar wannan karamci a watan Agustan 2025. A gefen taron TICAD na tara a Yokohama, hukumar JICA ta haɗa garuruwa huɗu da ƙasashen Afirka huɗu domin musayar al'adu, Kisarazu ta faɗo a kan Najeriya. Sanarwar fadar shugaban ƙasa a Abuja ta ambaci biza ta musamman, Tokyo ta musanta, amma jita-jitar kwararar baƙi ta riga ta cika intanet, ofisoshin garuruwan suka sha ambaliyar kiran waya. A watan Satumba JICA ta janye shirin gaba ɗaya. Ziyara ba ta taɓa tayar da hankalin kowa ba, da aka yi zaton zama ne sai ƙura ta tashi.

Makaranta ɗaya ba za ta gyara wannan ba, amma jadawalin ranar tarba a hannunta yake. Tana iya rage bikin shayi da rabin sa'a, ta bar baƙi su zauna a darasin lissafi ko da ba su ji komai ba, ta hana bas tashi sai an gama shara. Rukunin da baƙon zai shiga kuwa, a ba ɗalibar da iyayenta suka zo daga Sao Paulo ko Manila jagorancinsa, ita za ta nuna masa inda ake ajiye tsintsiya da yadda ake matse tsumma.