Yaba Kyauta Tukwici

'Yan'uwa manoma, tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011, dab da Safana, 'ya'yanmu sun sami karatun kwamfuta kusa da gida. Waɗansu har sun wuce Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya neman digiri na biyu. Wanda ya gama yakan sa shafin godiya a farkon littafin bincikensa, ya gode wa malamin da ya duba aikin, da abokan da suka ara masa kwamfuta.

Wannan daidai ne, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma a ganinmu godiyar takarda ba ta isa ba. Tukwicin malami shi ne iliminsa ya yaɗu.

A ƙauyukan Batsari da Safana, 'yan bindigan dajin Rugu sun hana yara da yawa zuwa makaranta. To, wanda aka koya wa, bari ya koyar. Lokacin hutu ya tara ƙannensa, ya kuma nuna wa magatakardan ƙungiya yadda ake ajiye lissafin taki da bashi a waya. Mu kuwa mu ba shi ɗaki da tuwo.