Sanarwar Bayan Taron Masunta, Manoma da Makiyayan Dausayin Haɗeja-Nguru

Wakilan masunta, manoman fadama da makiyaya daga Jigawa da Yobe sun zauna a Nguru kan sauyin yanayi da halin da ruwanmu ke ciki. Ga matsayar da aka cimma.

Taron ya yarda damina ta rikice. Ruwa kan makara, in ya zo kuma ya zo da ɓarna, kamar ambaliyar 2022 da ta ci gonaki da gidaje a Jigawa. Sai dai ba mu yarda a jingina wa yanayi komai ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, kogin Haɗeja ya bar cika da janyewa yadda iyayenmu suka san shi. A da, ruwa ya malalo, kifi ya hayayyafa, shinkafa ta tashi. Ya janye, manomi ya bi danshi da wake, makiyayi ya biyo baya da shanu. Yau wani wuri ruwa na kwance rani da damina, wani kuma ƙasa ta tsattsage. Inda ya kwanta, ciyawar kachalla ta toshe hanya har kwale-kwale ba ya ratsawa, a cikinta kuma tsuntsayen jan-baki ke kwana. Da asuba yara na gona suna kaɗa gwangwani don korar su, abokansu na makaranta.

Don haka taron na kira ga hukumomin da ke kula da madatsun su riƙa zama da sarakunan ruwa, arɗo-arɗo da shugabannin manoma kafin a saki ruwa ko a riƙe shi. Mutanen nan sun san kowace mashiga da sunanta, ba sai an buɗe taswira ba. Haka batun gina madatsar Kafin Zaki a kogin Jama'are: kada a sake taso da shi sai an ji ta bakin na ƙasa da ita.

Tun 2000 aka sa Tafkin Nguru da mashigar Marma cikin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar. Muna son wannan suna ya zo da aikin yashe magudanai, a kuma ɗauki matasanmu.

Game da asusun asara da ɓarna da aka amince da shi a taron sauyin yanayi na Masar a 2022, taron ya tunatar cewa hayaƙin da ya ɗumama duniya ba daga murhunmu ya fito ba. Duk abin da Najeriya ta samu, a bayyana kason yankunan da abin ya shafa.

An kafa kwamitin sulhu kan burtali da mashaya, zai kawo rahoto kafin girbi.

Sa hannu:
Shugaban Taro
Sakatare