Shari'a ba ta tsayuwa a kan fayil ɗin da ya ɓata

 

Ya 'yan uwana matasa, duk inda aka zauna ana hirar kotu a Kura ko Bunkure, magana ɗaya ake maimaitawa: ma'aikatan kotu ba sa tsoron Allah. Ni ban wanke mai karɓar cin hanci ba, domin la'anar da ke kansa sananniya ce. Amma ina ganin mun saba ɗora wa magatakarda da masinja laifin da ya fi ƙarfinsu, mun ƙyale waɗanda suka tsara musu aikin.

Na taɓa raka wani dattijo wata kotu a yankinmu kan rikicin iyakar gona. Sau uku muna zuwa, sau uku ana ɗage shari'ar, wai ba a ga fayil ba. Da na leƙa ofishin, sai na tarar da takardu a jibge a ƙasa, an ɗaure su da igiya, ba kabad, ba lamba, ba littafin da ke nuna wanda ya ɗauki wane fayil. Wanda zai kai sammaci ƙauye kuma ba a ba shi kuɗin mota ba, don haka mai ƙara yake tambaya. Daga nan ne "kuɗin mota" ke girma har ya koma farashin adalci. Ko waliyyi ka ajiye a wannan ofishi, sai ya sha wahala kafin ya fita da mutuncinsa.

A nan jinkiri ba abin wasa ba ne. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a zamanin Audu Bako, rayuwar Kura, Bunkure da Garun Malam ta ɗauru da lokacin sakin ruwa. Alkama tana da kwanakin shukarta a cikin hunturu, tumatir ba ya jiran kowa. Idan aka hana mutum taɓa gona har a gama shari'ar gado ko jingina, aka yi ta ɗagewa wata uku, noman ranin shekarar ya wuce shi ke nan. Ko da an ba shi gaskiya daga baya, wa zai biya shi buhunan da bai girba ba?

A shekarar 2000 jama'a suka cika filin Idi a Kano suna kabbara saboda ƙaddamar da Shari'a. Mun yi ta muhawara kan haddi, amma mutum nawa ne suka tambayi albashin magatakarda, ko wanda zai horar da shi? Magabata ba su yi wannan sakaci ba. Sayyidina Umar (RA) ya yanka wa alƙalai albashi daga baitulmali, kuma ya rubuta wa Abu Musal Ash'ari wasiƙa kan tsarin zaman shari'a. A Kanon nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Diya'ul Hukkam domin koya wa masu mulki yadda ake riƙe al'amuran jama'a.

A 2021 ƙungiyar ma'aikatan kotu, JUSUN, ta rufe kotunan ƙasar nan sama da wata biyu tana neman a sakar wa ɓangaren shari'a kuɗinsa kai tsaye. Buƙatar tana da hujja, sai dai kuɗi kaɗai ba ya gyara ofis. Abin da nake nema daga Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta Jihar Kano da ofishin Grand Kadi bai fi ƙarfinsu ba: a manna kuɗin kowace hidima a bangon kotu da Hausa da Ajami, a ba da rasit, a sa wa kowane fayil lamba a cikin kwamfuta, a biya kuɗin kai sammaci daga asusun kotu, a kuma ɗaga darajar ma'aikaci bisa aikinsa ba bisa ubangidansa ba. Bayan haka duk wanda ya miƙa hannu, a kore shi, ba zan ce uffan ba.

Ku kuma da kuka iya karatu, idan iyayenku za su kotu, ku raka su, ku nemi rasit, ku rubuta ranar da aka ɗage shari'ar da dalilin da aka faɗa.