Sanda Ba Ƙafa Ba Ce

Ya ku 'yan makaranta, akwai wata gardama da ta daɗe a Nijeriya, kuma a kanku ake yin ta. Waɗansu sun ce a ba kowa jarrabawa iri ɗaya, wanda ya ci zomo ya ci gudu, adalci ke nan. Waɗansu kuwa sun ce a'a, a raba guraben karatu da na aiki, kowace jiha ta sami rabonta.

Masu maganar farko sun manta da tarihi. A Ikko an buɗe makarantar sakandare ta mishan tun 1859, Kwalejin Katsina kuwa sai 1921 aka kafa ta. Jihar Yamma ta soma ba da ilmin firamare kyauta a 1955, amma ƙasa baki ɗaya ba ta sami irin wannan shiri ba sai 1976. In an saki doki tun da asuba, aka saki wani da hantsi, wa zai ce sukuwar nan ta adalci ce? Saboda haka tsarin mulkin 1979 ya ce a riƙa duba kowane sashe na ƙasa wajen ba da muƙamai, aka kuma ware wa jihohin da ke baya a ilmi kashi 20 cikin 100 na guraben jami'o'in tarayya.

To, amma da masu magana ta biyu nake faɗa, ko da yake 'yan'uwana ne. Wa ke cin wannan rabo? Sai wanda ya gama sakandare. Ɗan talaka da bai taɓa shiga aji ɗaya ba, da yarinyar da aka cire daga makaranta don talla, ko labarin rabon ba su ji ba. Da sunansu ake karɓa, ɗan mai hali ke morewa. Wannan ba ƙaramin abin kunya ba ne.

Rabon guraben nan sanda ce ta mai jinya. Wanda ya shekara arba'in yana dogara sanda bai nemi magani ba, ya zalunci kansa. Magani kuwa a firamare yake: malami ƙwararre mai samun albashinsa kan kari, da aji mai rufi, da littafi a hannun kowane yaro. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ku kuwa da Allah ya kai makaranta, kada ku dogara da sunan jiharku. Ku yi karatu har makinku ya ishe ku shiga ko'ina, gurbin rabon ya koma ga wanda ya fi ku bukata. Allah ya sa mu gane, amin.