SHARHI: Kabad ɗin bayan ɗaki da makomar ɗaliban Kankiya da Kusada a jarabawar kwamfuta

A ranar 14 ga Mayu, 2025, shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya zubar da hawaye a gaban 'yan jarida, ya amsa cewa hukumarsa ta yi kuskure. Ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohi biyar na kudu maso gabas sun sami sakamakon da ba nasu ba ne, sai da aka sake musu jarabawa. Bayanin da hukumar ta bayar shi ne, wani gyaran manhaja da aka yi bai isa wasu daga cikin uwayen garke ba, wato manyan kwamfutocin da ke raba tambayoyi suna karɓar amsoshi. An gyara wasu, an tsallake wasu, kuma ba a farga ba sai da sakamako ya fita.

Matsalar manhaja ce, amma tushenta rashin sanin wace na'ura ce ke wane hali. Wannan rashin sani kuwa yana da ƙane a ƙasa, a ɗakin bayan kowace cibiyar jarabawa, inda ake ajiye kabad ɗin ƙarfen da wayoyin dukkan kwamfutoci ke haɗuwa a cikinsa. Lokaci ya yi da matasan Kankiya da Kusada za su fara leƙa wannan ɗaki.

Dalilin da ya sa batun ya iso gida

Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta ɗungurungum. Jarabawar yini ɗaya ce, ɗalibin Kusada yana iya hawa mota zuwa Katsina ko Kano ya rubuta ya dawo. Sai dai a Afrilun 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya sanar cewa WAEC da NECO su ma za su koma kwamfuta gaba ɗaya a 2026. A Nuwamban shekarar Majalisar Wakilai ta nemi a jinkirta zuwa 2030, bisa hujjar cewa makarantun karkara ba su shirya ba. Ko an jinkirta ko an matsa, alƙibla ta riga ta bayyana.

WAEC kuwa ta shafi kowane ɗalibin ajin ƙarshe na sakandare, kuma ana shafe makonni ana rubuta ta. Babu uban da zai iya biyan kuɗin motar 'yarsa daga ƙauye zuwa babban birnin jiha don kowace takarda. Dole cibiyoyi su matso kusa, ma'ana za a fitar da kuɗi, za a ba da kwangila, za a yanka ƙyalle. A ranar buɗewa ana ƙirga kwamfutoci ne, domin su hoto ke ɗauka. Kabad yana bayan ƙofa, ba mai tambayarsa.

Abin da ke cikin kabad

Sharuɗɗan JAMB sun buƙaci cibiya ta mallaki kwamfuta 250 masu aiki da wasu 25 na ko-ta-kwana, kuma a haɗa su da waya. Kowace kwamfuta tana da wayarta da ke tafiya har cikin kabad. A can wayar tana sauka a kan allon jona wayoyi, daga nan wata gajeriyar waya ta kai ta ga na'urar rarraba layi, wadda masu sana'ar ke kira suwic, ita kuma ta sada ta da uwar garke. Babban suwic yana da ramuka 48, don haka cibiya guda tana buƙatar kamar shida.

Tsarin jera waɗannan kaya sananne ne a duniya. Faɗin wurin ɗaura na'ura a kabad inci 19 ne, ana kuma auna tsayi da ma'aunin U, kowane ɗaya inci 1.75, cikakken kabad yakan kai U 42. Batura da na'urar UPS, da yake su ne masu nauyi, ƙasa ake sa su don kada kabad ya rinjaya. Wayar lantarki tana bin gefe ɗaya, wayar bayanai tana bin ɗaya gefen, domin kusantarsu tana gurɓata saƙo. Iska tana shiga ta gaba ta fita ta baya, saboda haka tulin waya da ya toshe bayan na'ura tamkar toshe mata hanci ne. Wayar Cat6 ba ta wuce mita 100 daga suwic zuwa kwamfuta. Sannan kowace waya tana ɗauke da lamba iri ɗaya a bakinta biyu, lambar kuma tana rubuce a taswirar da ke manne a ƙofar kabad.

Amfanin lambar yana fitowa ne a lokacin da allon ɗaliba mai zama a kujera ta 137 ya daskare ana tsakiyar jarabawa. Idan akwai lamba, ma'aikaci zai nufi rami na 137 kai tsaye, ya sauya waya cikin minti ɗaya. Idan babu, sai lalube.

Na taɓa ganin irin wannan lalube a wata cibiya da na ziyarta ana gwajin na'urori. Suwic biyu suna kan kujerar roba saboda kabad ɗin da aka kawo ya yi ƙanƙanta, wayoyi sun cukurkuɗe kamar taliyar da ta kwana a tukunya, babu ko ɗaya mai lamba. Matashin da ke kula da wurin yana zare waya ɗaya bayan ɗaya, abokinsa yana zaure yana ɗaga murya ya gaya masa wace kwamfuta ce ta ɗauke. Ranar babu ɗalibi a kujera. Da akwai, kowace waya da ya zare da ta katse wa wani yaro amsarsa.

Inda kuɗi ke zurarewa

A yi lissafi mai sauƙi. Idan kowace daga cikin kwamfuta 275 ta ci waya mita 40, jimla mita 11,000 ke nan. Kwalin waya guda mita 305 ne, wato ana buƙatar kwali 36 da 'yar ɗoriya. A kasuwa akwai wayar da cikinta jan ƙarfe ne zalla, akwai kuma ta alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, wadda ta fi araha nesa ba kusa ba. Daga waje kamanninsu ɗaya. Ta alminiyam tana saurin karyewa a bakin jona, tana rage ƙarfin saƙo a doguwar tafiya, kuma ƙa'idar Cat6 ba ta amince da ita ba. Ɗan kwangilar da ya rubuta jan ƙarfe a takarda ya shimfiɗa alminiyam a bango ya ci ribar kwali 36, kuma ranar buɗewa komai zai kunna lafiya lau. Sai bayan watanni cutar za ta bayyana, lokacin an riga an biya shi.

Haka abin yake ga sauran kayan da ido ba ya kaiwa: allon jona wayoyi da aka tsallake, bututun rufe waya da aka bari ɓeraye suka samu abin gaigaya, sandar ƙasa da ba a binne ba. Akwai na'urar da ke gwada kowace waya ta fitar da rahoto a rubuce. Kwangilar da ba ta sa wannan rahoto cikin sharuɗɗan biya ba ta bar ƙofa a buɗe.

Zafi, ƙura da tsawa

Yanayin tsakiyar Katsina ba ya yafe sakaci. Ƙwararru sun ba da shawarar iskar da ke shiga irin waɗannan na'urori ta kasance tsakanin digiri 18 zuwa 27, alhali a Afrilu da Mayu, watannin JAMB da farkon WAEC, zafi a nan yakan haura 40. Ƙurar hunturu tana taruwa a fankokin suwic, idan ba a share ba bazara ta same su a shaƙe. WAEC da NECO kuma suna shiga damina, lokacin da tsawa guda za ta iya ƙona suwic shida a kabad ɗin da ba a haɗa shi da ƙasa ba.

Ga kuma wuta. A Oktoban 2024 yawancin Arewa, har da yankin KEDCO da ya ƙunshi Kano da Katsina da Jigawa, ya shafe kwanaki a duhu bayan lalacewar manyan layukan lantarki. Cibiyar da za ta dogara da janareta ko sola tana buƙatar UPS da zai riƙe uwar garke da suwic a 'yan daƙiƙun sauyawa. Kwamfutar tafi-da-gidanka tana da batirinta, suwic ba shi da shi. Wuta na ƙiftawa ya mutu, zaure gaba ɗaya ya rabu da uwar garke.

Wa ke riƙe da makulli

Akwai masu cewa wannan duk ƙananan abubuwa ne, a fara samun ginin da kwamfutocin tukuna. Hujjar tana da nauyi a yankin da wasu makarantu ke fama da ƙarancin kujeru da malamai. Sai dai tun ran gini tun ran zane: sake shimfiɗa waya bayan an rufe bango ya fi yin ta daidai tun farko tsada, kuma kuɗin lamba da taswira bai taka kara ya karya ba.

Abin da ya fi kayan muhimmanci shi ne mutum. Injiniyan da ya zo daga Kano ko Abuja ya haɗa kabad zai koma da taswirar a kansa. Idan ba a ɗauki ma'aikaci na dindindin a garin an horar da shi an miƙa masa takardu ba, ranar da abu ya lalace sai a jira waya ta shiga, mota ta taso. Matasan Kankiya da Kusada da suka karanta kimiyyar kwamfuta suna nan, wannan gurbinsu ne, ya kamata a rubuta shi a kasafin kowace cibiya.

Tambayoyin da suka dace

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardun kwangila, ta kuma ba hukuma kwana bakwai ta amsa. A Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar ta hau kan jihohi ma. Saboda haka duk cibiyar da aka gina da kuɗin jama'a a mazaɓar Kankiya da Kusada da Ingawa, ko daga jiha ta fito, ko daga ƙaramar hukuma, ko aikin mazaɓa ne, ana iya neman jerin kayan da aka biya, da rahoton gwajin wayoyi, da taswirar kabad, da muƙamin wanda aka ɗora wa kula da shi. Hukumar ICPC tana bin diddigin ayyukan mazaɓu tun 2019, kuma tana karɓar ƙorafi.

Zaɓen 2027 yana ƙaratowa, cibiyoyin kwamfuta za su shiga jerin alkawura. Duk ɗan takarar da ya gayyaci matasa bikin buɗe irin wannan cibiya, a roƙe shi ya sa a buɗe ɗakin baya, a duba ko wayar kujera ta 137 tana da lamba.