YAWON HAMADA BABU MADUGU

Kwanakin baya, a darasin Fassara, malaminmu ya kawo mana wata 'yar takardar talla ta masu shirya wa baƙi yawon buɗe ido, ya ce kowa ya mayar da ita Hausa. Abin da takardar ke kwaɗaitarwa shi ne mutum ya sauka daga jirgi, a miƙa masa makullin ƙaƙƙarfar mota irin mai ratsa rairayi, da tanti a bisa rufinta, da taswira, ya faɗa hamada shi da iyalinsa har mako biyu, yana bin sawun namun daji, yana ratsa ƙauyuka yana kallon al'adun mutane. Kalmar da ta tsaya mana a wuya ita ce "safari". Wasu suka ce a bar ta yadda take, wasu suka ce ai muna da "safara". Malam ya ce duka biyun uwarsu ɗaya, watau kalmar Larabci "safar", ma'ana tafiya: Sawahili suka ɗauka, Turawa suka ara daga gare su, mu kuwa muka ɗauka muka ba ta ma'anar fatauci. Aka tashi ba a daidaita ba. Ni dai na fito da wata damuwa dabam, domin na karanta takardar nan tun daga sama har ƙasa, na ga an ambaci mota, da mai, da ruwa, da giwa, da rawar gargajiya, amma ba a ambaci ja-gora ko sau ɗaya ba.

Ra'ayina, malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, shi ne irin wannan yawo na "tuƙa da kanka" bai dace da hamadar da ke maƙwabtaka da mu ba, kuma in Allah Ya dawo da zaman lafiya ƙasar Azbin, bai kamata hukuma ta yarda a sayar da Tenere ta wannan fuska ba. Ba na ƙin zuwan baƙi. Hasali ma dawowarsu nake fata. Abin da nake ƙi shi ne baƙo ya zo ya tsallake ɗan gari.

Tenere fili ne na rairayi da tsakuwa a gabas da duwatsun Azbin, cikin Jamhuriyar Nijar. Daga Agadas zuwa Bilma wajen kilomita 600 ne, kuma shekaru aru-aru ayarin Buzaye ke ƙetare shi su ɗauko kantun gishiri da dabino, su gangaro da su kasuwanninmu su musanya da gero da tufafi. Shugaban wannan ayari, har a bakin Buzayen kansu, sunansa madugu, kalmarmu ce suka ara. Shi ne ya san tauraron da za a sa a gaba da dare, ya san rijiyar da ta ƙafe da wadda ke da ruwa, ya san raƙumin da ba zai kai Fachi ba. Ko Heinrich Barth, wanda ya shiga Agadas a 1850, bai ratsa Azbin da ƙarfin kansa ba. A ƙarƙashin inuwar Annur, shugaban Kel Owi na Tintellust ya zauna, sa'an nan ya biyo ayarin gishiri ya gangaro kudu, har ya iso Kano a 1851. Duk iliminsa ya san baƙo makaho ne ko da yana da ido.

Da mota ta shigo sai aka fara ganin abin da gaggawa ke haifarwa. Akwai wata itaciyar ƙaya, dangin bagaruwa, da ta tsaya ita kaɗai tsakiyar Tenere, wadda saiwarta ta nutsa fiye da mita 30 kafin ta taɓa ruwa. Ayari bayan ayari suka wuce ta, madugai ba su bari an sare reshenta an dafa shayi ba, ba su bari raƙumi ya cinye ta ba. A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta, a filin da babu wata itaciya ko ta rantsuwa. Gawarta tana gidan tarihi na Yamai, a gurbinta kuwa an kafa ta ƙarfe. Bayan wannan aka fara tseren motoci na Faris zuwa Dakar a ƙarshen 1978, wanda ya sha ratsa Agadas da Tenere, ya sanar da Turai wurin.

Sai dai adalci ne a faɗa cewa yawon buɗe idon da ya biyo baya, Azbinawa sun ci moriyarsa, kuma dalili shi ne su ke riƙe da sitiyari. Mano Dayak, wanda filin jirgin saman Agadas ke ɗauke da sunansa, da kamfanin kai baƙi hamada ya yi suna tun kafin ya shiga tawaye, ya rasu a haɗarin jirgi a 1995. Mota guda ta baƙi tana ciyar da direba, da ja-gora, da kuku, da makanike, da maƙerin da ke ƙera azurfar nan mai siffa ta musamman da aka san Agadas da ita, da badukun da ke ɗinka jaka, da mai lambun da ke kawo lemo daga Timiya. Cire direba da ja-gora da kuku daga wannan lissafi, ka gani me ya rage wa gari in ban da kuɗin mai.

Mun kuma ga abin da ke faruwa in aikin ya yanke. Tawayen 1990 zuwa 1995 ya kori baƙi, suka fara dawowa, na 2007 zuwa 2009 ya sake korarsu, satar Turawa a Arlit a 2010 ta ƙarasa rufe ƙofar. Mutanen da sana'arsu ita ce sanin hanya ba su manta hanya ba, sai da yawa cikinsu suka koma ɗaukar matafiya zuwa Libiya. A nan ne musun ajinmu ya dawo mini, domin safari ya koma safara a zahiri. Dokar 2015 ta haramta wannan jigila, aka kama motoci, aka ɗaure direbobi, har aka soke ta a ƙarshen 2023. A 2025 kuma aka sace mata Turawa biyu a cikin garin Agadas kansa. To, garin da ya sha wannan wuya, ranar da baƙi za su dawo, a ce musu su karɓi makulli su wuce ɗan gari yana kallo?

Batun namun daji ya fi wannan ban tausayi. An keɓe gandun Azbin da Tenere a 1988, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 77,000, Hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991, shekara guda bayan haka ta mayar da shi jerin waɗanda ke cikin haɗari. Jiminar da ke yawo a kwarurrukan Azbin ta ƙare a shekarun tawaye. Akwai wata farar dabba dangin mariri, mai murɗaɗɗen ƙaho da faffaɗan kofato, da Turawa ke kira adaks, wadda kan daɗe ƙwarai ba ta sha ruwa ba, sai ɗanyen da ke cikin ciyawa. A 2016 masu bincike suka yi ta shawagi ta sama da ta ƙasa a yankin Termit, inda ragowarta take, guda 3 kacal suka gani. Ita wannan dabba juriyar ƙishirwa gare ta, ba ta da juriyar gudu. In aka kora ta da mota cikin zafi takan faɗi ta mutu, ko da mai korar hoto kaɗai yake so. Mai bindiga ne ya fi kashe ta, ban musa ba, amma baƙon da ya biya kuɗi mai yawa, ya kwana biyar bai ga komai ba, sa'an nan ya hango ƙura daga nesa, wa zai riƙe ƙafarsa daga totur in babu kowa kusa da shi?

Shi kuwa bin sawu ilimi ne, ba a hayarsa tare da mota. Makiyayi kan dubi sawun barewa ya ce ta wuce da asuba, domin raɓa ta danne gefensa, ko ƙwaro ya ratsa ta kansa. Yakan murje kashin dabba a yatsa ya faɗi kwanansa. Ya san ta inda iska ke kaɗawa, ya san nisan da za a tsaya. Na'urar nuna hanya mai aiki da tauraron ɗan Adam za ta gaya maka inda kake, ba za ta gaya maka rijiyar da ke gabanka ta rufta bara ba. Ko a Chadi, inda aka sake sakin mariri a daji a 2016 bayan an ayyana ƙarewarsa a 2000, duk da na'urorin da aka ɗaura wa dabbobin a wuya, sai da aka haɗa da masu gadin daji da makiyayan wurin.

Wani abokina ya ce mini ai a Namibiya ana wannan yawo lafiya lau, kuma gaskiyarsa. Amma Namibiya tana da hanyoyin tsakuwa masu alamu da masaukai a jere, ba ta fama da tawaye. Abin da ya fi muhimmanci, dokar 1996 ta ba mutanen karkara iko a kan namun dajin ƙasarsu da kuɗin da suke kawowa, har aka kafa gandayen al'umma fiye da 80. Kuma ko a can, mai son bin sawun karkanda a arewa maso yamma ajiye motarsa yake yi ya bi bayan ɗan gari da ƙafa, cikinsu har da waɗanda da can mafarauta ne. Saboda haka misalin abokina ya fi taimakona bisa ga shi. Ya kuma ce ja-gora na da tsada, wasu na cutar baƙi. Wannan ma akwai, maganinsa rajista da ƙayyade farashi.

A kan kallon al'adu ba zan tsawaita ba. Wanda ya tuƙo kansa zuwa bikin gishiri na Ingal a watan Satumba zai ga samarin Bororo sun yi kwalliya suna Gerewol, zai ɗauki hoto, ya tafi bai san wa ke zaɓen wa ba, bai san wace ce ba a ɗaukar hotonta sai an nemi izini ba. Zai tsaya gaban hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27, wadda aka gina da ƙasa, bai san ta wace ƙofa ake gaida Sarkin Azbin ba. A Dabus zai ga raƙuman dawa da mutanen da suka sassaƙa jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce, babban ya haura mita 5, kuma in ba mai gadi sai ya hau kansu da takalmi. Tsinin kibiyoyin dutse da ke warwatse a rairayin Tenere kuwa, da yawa sun riga sun tafi Turai cikin aljihu.

Abin da nake so hukumomin Nijar su tsayar, tun kafin baƙin su dawo, shi ne kada motar baƙo ta fita Agadas zuwa gandun sai da ja-gora ɗan ƙasa mai rajista a cikinta, a hana sauka daga sanannun hanyoyi a wuraren da dabbobi ke kiwo, a kuma ware wani kaso na kuɗin shiga ga ƙauyukan da ake ratsawa. In baƙo na sha'awar tuƙi ya tuƙa, amma madugu na zaune a gefensa.

Mu ma da namu laifin. Daga Kano zuwa Agadas, ta Damagaram, bai kai kilomita 800 ba, kuma Hausa ake ciniki da ita a kasuwar garin, amma a ajinmu ban sami wanda ya taɓa zuwa ba, har ni mai wannan rubutu. Tsofaffin madugai da masu bin sawu suna ƙarewa, da kalmominsu na iska da rairayi da taurari. Ga mu nan kowace shekara muna neman batun kundin digiri, muna maimaita auren Hausawa da wasan dambe. Ni dai na riga na kai wa malamin da ke duba aikina sunan nawa batun, watau kalmomin ayari da bin sawu a Hausar Agadas. Ya ce in fara da Buzayen da ke gadi da sayar da shayi a bakin ƙofar makaranta, tun da hanya ba ta buɗe ba tukuna.