Kuɗin talla ga 'yan wasan jami'o'in Amurka: Wa ke biyan harajin?

Shekaru da dama jami'o'in Amurka suna kwasar biliyoyin daloli daga wasannin ƙwallon kwando da ƙwallon zari-ruga irin na Amurka, amma ɗaliban da ke buga wasannin ba su da ikon karɓar ko sisi ta hanyar talla. Hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ta daɗe tana cewa tallafin karatu ya wadatar.

Jihar Kaliforniya ce ta fara karya wannan ƙa'ida da dokar da Gwamna Gavin Newsom ya sanya wa hannu a 2019. A watan Yunin 2021 alƙalan Kotun Ƙoli tara suka yi ittifaƙi a kan hukuncin da ya kayar da NCAA a shari'ar Alston. Daga ranar 1 ga Yulin shekarar aka bai wa ɗalibai damar samun kuɗi da sunansu da hotonsu, tsarin da aka fi sani da NIL.

A watan Yunin 2025 kuma Mai Shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun shari'ar House. Za a biya tsofaffin 'yan wasa diyyar kimanin dala biliyan 2.8 cikin shekara 10, sannan kowace jami'a za ta iya raba wa 'yan wasanta har dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Duk yarjejeniyar talla da ta kai dala 600 sai an kai rahotonta an tantance ta.

Sai dai inda gizo ke saƙar shi ne haraji. Hukumar haraji ta IRS na kallon yawancin waɗannan ɗalibai a matsayin masu sana'ar kansu. Kamfanin da ya ba su talla ba ya cire musu haraji kafin ya biya su, kamar yadda ake yi wa ma'aikaci. Wanda ribarsa ta kai dala 400 a shekara dole ya biya harajin kashi 15.3 cikin 100 na asusun fansho da na lafiyar tsofaffi, ban da harajin kuɗin shiga. Ɗalibin da ya samu dala 50,000 zai ware kimanin dala 7,000 ga wannan harajin kaɗai.

Kyauta ma ba ta tsira ba. Motar da dillali ya ba ɗan wasa ya riƙa hawa, ko takalman da kamfani ya aiko masa a madadin talla, duk ana ƙiyasta kuɗinsu a saka musu haraji. Matashi ɗan shekara 18 da ya kashe kuɗinsa kaf zai iya wayar gari da bashin gwamnati a watan Afrilu, kuma ƙarin kuɗin shigar na iya rage masa tallafin karatun da ake bai wa marasa ƙarfi.

Bambancin jihohi ya shigo cikin zawarcin 'yan wasa. Jihohin Texas da Florida da Tennessee ba sa karɓar harajin kuɗin shiga, yayin da na Kaliforniya ke kaiwa kashi 13.3 ga masu samu da yawa.

'Yan wasan da suka zo daga ƙasashen waje, ciki har da 'yan Afirka da ke ƙwallon kwando, su ne suka fi shiga tsaka mai wuya. Bizar ɗalibta ta F-1 ta taƙaita musu yin aiki a Amurka, kuma ana iya ɗaukar talla a matsayin aiki. Shi ya sa Oscar Tshiebwe, ɗan Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo da ya buga wa Jami'ar Kentucky, ya gudanar da ayyukan tallansa a tsibiran Bahamas a 2022.

Babbar tambayar da ta rage ita ce ko waɗannan ɗalibai ma'aikatan jami'a ne. Idan kotu ta ce haka ne, jami'o'i za su riƙa cire haraji daga tushe, su kuma biya rabin kuɗin fansho da na lafiya. Kafin lokacin, nauyin lissafin yana wuyan ɗalibin da kansa.